Me za mu kira "foible" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ga wata kalmar Turanci da nake so mu daddale yau: foible. Ana faɗinta ne kan ɗan abin da ke jikin halin mutum wanda ba ya cutar da kowa, ba ya kuma zubar masa da mutunci. Dattijon kirki ne, amma labarin aikin hajjinsa kullum sai ya maimaita maka. Ko innarka da ba ta barin gaban mai awo sai an yi mata gyara.

Daga Faransanci ta fito. Tsohon rubutun faible ne, wato mai rauni, kalmar da 'yan boko na Maraɗi da Damagaram suka sani sarai. Can baya kuma tushenta Latin ne, flebilis, abin da ya isa a yi wa kuka. Turancin ƙarni na 17 ya yi amfani da ita wajen wasan takobi: daga tsakiyar takobi zuwa tsini shi ne foible, don nan ne ba ƙarfi, ɓangaren da ke kusa da mariƙi kuwa forte. Daga baya aka ɗora ta kan hali.

Wannan tarihin ya sa wani ɗan'uwa ya kawo lago. Malam, ka kusa, kuma da takobin muke fassarawa da na sallama maka. Amma lago abokin gaba ke nema. In aka ce an gano lagonka, ana shirin kayar da kai ne. Foible kuwa masoyinka ne ke faɗi, yana murmushi.

Aibi ya yi nauyi, da shi ake fasa aure. Rauni ya yi faɗi, har ciwon jiki ya ɗauka.

Ni na tsaya kan ɗan ajizanci. Ajizi daga Larabci muka aro, amma ya daɗe da zama namu, kuma duk wanda ya ce ɗan Adam ajizi ne uzuri yake bayarwa, ba zargi ba. Wannan uzurin shi ne zuciyar kalmar, shi ne kuma lago da aibi suka rasa. "Ɗan" ɗin da ke gaba ya rage masa nauyi daidai yadda ake bukata.

Ku gwada a bakinku: "Baba mutum ne har da rabi, son a yaba rawaninsa ne kawai ɗan ajizancinsa." Mutanen Sakkwato da Katsina, in da wata kalma ɗaya tak a karin harshenku da ta fi wannan zama, ku kawo ta.