Musayar waƙa: Mene ne aminci ga Allah?

Malamin makarantar Lahadi, Narayi, Kaduna:
Salama, 'yan'uwa. Mun karanta Wahayin Yahaya 2:10, inda aka ce wa ikkilisiyar Simirna ta yi aminci har mutuwa. Wani yaro ya ɗaure ni da tambaya. A amsa da amsa-amon "ci".

Da sunan Uba nake buɗe baki,
Da Ɗansa Yesu da ya ba mu 'yanci.

Yaro ya ɗaga hannu a cikin aji:
"Malam, me ake nufi da aminci?

Zuwa sujada ne kowace Lahadi,
Ko baiko mai kauri a kai wa coci?"

Na ce masa Daniyel a ramin zakoki,
Ya ce, "Ba zaki a nan, sai talauci."

Mai sayar da hatsi, Sabon Tasha:

Malam, turo mini yaron kasuwa,
Ya ga zakin da ke cikin kasuwanci.

Akwai mudun da aka bubbuge wa gindi,
Ido ba ya gani, cikinsa ha'inci.

Ran da masara ta yi tsadar gaske,
Zuciya ta ce, "Ɗauko shi, yara su ci."

Karin Magana 11 ta tare ni:
Allah na ƙyamar ma'aunin zalunci.

Hajiyar Tudun Wada, Maman Kakuri,
Mudu ɗaya nake auna musu, ba bambanci.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Uwargida, na yarda da mudunki,
Amma bari in taɓo wurin ƙunci.

A rikicin Fabrairun 2000 na tsallako gada,
Da 'ya'ya huɗu, babu ko abinci.

Gidan da na gina ya koma toka,
Wanda ya ɓoye mu Musulmi ne, maƙwabci.

Sai masaƙa ta rufe, jiniya ta yi shiru,
Na tsufa ina jiran haƙƙin ma'aikaci.

Na yi azumi, sama ba ta ce uffan ba,
Samari suka ce ramuwa ce mutunci.

Ayuba a kan toka bai zagi Allah ba,
Na ajiye addata, na bar masa hukunci.

Har yau ina da tambaya a gare shi,
Amma addu'ar asuba, ina kan benci.

Matashi, Barnawa:
Baba, Mama, ku gafarce ni, tawa ba irin taku ba ce.

Ku kun tsaya, ni kuwa na faɗi,
Na sa hannu kan ƙarya don in ci.

Oga ya ce, "Ƙara sifiri a takarda,"
Na ƙara, tun ranar ba ni da barci.

Hannun nan ne ke kaɗa ganga a ƙungiyar Sabon Rai,
Ina kiɗa, ina jin warin munafunci.

Ran Jibin Ubangiji na sulale waje.
Mai irin halina yana da sauran lokaci?

Uwa a Zumuntar Mata, Unguwar Television:

Ɗana, Bitrus ya yi musu sau uku,
Zakara ya yi cara, ya yi kuka mai ɗaci.

A bakin Tekun Tibariya, ga kifi a wuta,
Yesu da kansa ya kira su su zo su ci.

Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa,
Ya damƙa masa tumaki da shugabanci.

Amma kar ka tsaya a kan hawaye,
Ka tuna Zakka, attajirin da ya bar zalunci.
Mai haraji ne a Yariko,
Ya ce zai mayar da ninki huɗu na abin da ya ci.

Kasonka na sifirin nan, mayar da shi,
Ka je wurin fasto, ka faɗa ba sassauci.

Matashi, Barnawa:

Mama, na ji, gobe Litinin zan je.
In an kore ni fa? Ni ne magidanci.

Mai sayar da hatsi, Sabon Tasha:

In an kore ka, rumfata tana bakin titi,
Turo matarka da buhu, albarkacin zumunci.

Mudu goma na masara, biyu na wake,
Ka biya ran da ka sake zama ma'aikaci.