Matakin miƙe ƙafa yana juyawa a kan Shadow 750 ɗina, don Allah a ba ni shawara

Mai Shadow:
Assalamu alaikum manya da 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya fara hana ni sukuni. Babur ɗina Honda Shadow 750 ne, na hannu na saye shi wurin wani abokin yayana da ya daina hawa. Mutumin ya riƙe shi da kyau, inji lafiya lau, ba hayaƙi, ba ɗigon mai. Tun ina yaro nake sha'awar babur mai ƙasan zama irin wannan, kuma na daɗe ina tari kafin Allah Ya nufa. A gida ma sai da aka sha fama, mahaifiyarmu ba ta so, sai da yayana ya sa baki sannan ta amince, bisa sharaɗin ba zan riƙa gudu ba. Shi ya sa ba na son wani abu ya faru a ce ai dama an faɗa.

Ni dogo ne, tsayina santimita 188, kuma gwiwata ta dama ta taɓa gocewa wajen ƙwallo. In tafiya ta yi nisa sai gwiwar ta kama zugi, ƙafar ta sage, dole in tsaya in miƙe. Abokan tafiyata ba su ce komai ba, amma ina ganin alamar sun gaji da jirana.

Sai na sayi matakin miƙe ƙafa ta intanet, irin wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen kare inji. Mai sayarwa ya rubuta cewa yana shiga kowane babur. Na ɗaura, na matse noti iya ƙarfina, amma ina ɗora ƙafa na ɗan danna sai ya sunkuya ƙasa. Na naɗa robar tsohon tub a ciki, na dama ya ɗan riƙe, na hagu ya ci gaba da juyawa. Ga tafiya mai nisa a gabana ƙarshen wata. Wane iri ya kamata in saya, ko kuwa akwai dabarar da za ta sa wannan ya tsaya?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ba mu labarin komai amma ba ka faɗi kaurin ƙarfen ba. Inci nawa ne? Kuma zoben matsewar da ya zo da matakin, na inci nawa ne? Daga nan za a fara.

Alhaji Mai Road King:
Ƙanena, saurara ka ji. Na daɗe a kan manyan babura kuma wannan matsalar na san ta ciki da waje. Duk abin da aka ce maka yana shiga kowane babur, to ba ya zama daram a kan ko ɗaya. Cire shi ka ajiye. Ƙarfen kare inji na irin waɗannan babura galibi inci ɗaya da kwata ne, wato kusan milimita 32. Nawa haka yake, na abokaina haka yake. Ka nemi zobe na wannan awon daga kamfanin da ya san aikinsa, irin su Kuryakyn, wanda ke damƙe ƙarfen ta kowane gefe. Tunda kai dogo ne, ka ɗauki mai dogon hannu, wanda zai tura matakin gaba ya ba ka wurin miƙewa. Ka ɗiga man riƙe noti na Loctite, shuɗi, lamba 243, a kan notin. Kada ka sa ja, shi sai da zafi yake kwancewa. Shi ke nan, an gama magana. Roba kuwa ka fitar da ita yau ɗin nan, zafin inji zai tausasa ta, ta zame maka a tsakiyar hanya.

Mai Shadow:
Na gode Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Amma gaskiya matakin da na saya ba na banza ba ne, yana da nauyi a hannu, kuma na karanta bayanan waɗanda suka saya, da yawa sun yaba. Ina ganin matsalar ƙarama ce. Robar ma ai ta riƙe ɓangare ɗaya.

Bakanike:
Har yanzu ba ka auna ba. Alhaji, da girmamawa, ba duka ne inci ɗaya da kwata ba. Na ɗaura na inci ɗaya, na ga na inci ɗaya da rabi, kuma wannan babur na hannu ne, ba mu san wane ƙarfe mai shi na farko ya sa ba. Ɗan'uwa, ko ba ka da abin auna kauri, ɗauki zare ka zagaya ƙarfen sau ɗaya a daidai wurin da yake miƙe, ka yi alama, ka shimfiɗa shi a kan rula. In ya ba ka kusan santimita 8, inci ɗaya ne. In kusan 10 ne, inci ɗaya da kwata. In 12 ne, inci ɗaya da rabi. Kada ka auna a kan lanƙwasa, don wurin ba zagayayye ba ne sosai, kuma kada ka ɗaura zobe a can, ba zai taɓa zama ba. Loctite yana hana noti warwarewa ne kawai, ba ya cike giɓi tsakanin zobe da ƙarfe.

Gajere Mai Vulcan:
Ni dai maganar dogon hannun nan ce ta taɓa ni. Haka wani ya matsa mini na sayi mai dogon hannu, ya ce kowa shi yake sawa. Da na ɗaura, yatsun ƙafata kawai ke kaiwa, sai na riƙa zamewa gaba a kan kujera, hannuwana suka miƙe, bayana ya ɗauki ciwo. Na sauke shi ƙasa don in kai, ranar da na shiga wata kwana mai kaifi ya daki kwalta, babur ya yi wani irin girgiza da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Wanda ya ba ni shawarar ko a jikinsa, cewa ya yi ban iya kwana ba. Mutane su riƙa tuna cewa jiki ba ɗaya ba ne. Kawasaki ma da suka fito da Vulcan S sun yi matakinsa yadda za a iya matsar da shi wuri uku, saboda sun san ƙafafu sun bambanta.

Alhaji Mai Road King:
Kai gajere ne, shi dogo ne, maganarka ba ta shafe shi ba. Kuma laifinka ne da ka sauke mataki ƙasa da matakan ainihi na babur. Wannan doka ce: matakin miƙe ƙafa ba ya zama abu mafi kusa da ƙasa, kuma dole ya kasance mai naɗewa sama in ya taɓa wani abu. Ƙanena, yi abin da na gaya maka. Shadow kujerarsa ƙasa take, kusan santimita 66 daga ƙasa, mutum mai tsayinka gwiwarsa a takure take. Dogon hannu ne maganinka.

Dattijo:
Yaro, Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa. Zan faɗi abin da ba ka tambaya ba. Ni na cire nawa gaba ɗaya. Duk lokacin da ƙafarka take can gaba, ta yi nesa da birkin baya da giya. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka lissafa lokacin da za ka ɗauka ka janyo ƙafa, ka nemo birki, ka taka. Kuma a babur mai tsawo da nauyi a ƙasa irin naka, birkin baya yana aiki fiye da yadda yake yi a kan babur na tsere. In ka ce dole sai ka sa, to ka bar shi sai a buɗaɗɗiyar hanya, banda cikin cunkoso, banda mararraba, banda lokacin ruwa.

Abu na biyu, idan ƙafa ta miƙe gaba, nauyin jiki duka yana komawa kan ƙugu da ƙashin mazauni. Ka faɗa rami, ba ka da yadda za ka ɗan ɗaga jiki da ƙafa, bayanka ne zai sha dukan. Kana iya warkar da gwiwa ka sayo ciwon baya. Ni a ganina kujerarka ce matsalar. Ka sa a ƙara mata tudu a kuma matsar da zaman baya kaɗan, gwiwa za ta buɗe ba tare da ka rabu da birki ba.

Sannan Alhaji, dogon hannun da kake cewa, ai kamar dogon sifana ne: iya tsawonsa iya ƙarfin murɗawar da yake yi wa zoben. Wanda nasa ke juyawa tun yanzu, in ya ƙara tsawo zai fi juyawa.

Mai Shadow:
Baba na gode da addu'a. Amma kujerar ba zan taɓa ta ba, ita ce ta ainihi kuma ita ce kyan babur ɗin. Maganar birki kuma, ni ba mai gudu ba ne, kuma hannuna kullum yana kan birkin gaba. Tsayawa in miƙe shi ne abin da nake gudu tun farko.

Mai V Star:
Kowa na ta magana, ni abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka bari wani ya ce zai yi maka walda. Nawa ma haka ya riƙa juyawa, na kai wa wani mai walda, kafin in dawo ya like su a jikin ƙarfen. Ya ƙone kurom ɗin, wurin ya yi baƙi, da damina ta zo tsatsa ta kama. Mafi ciwo, na hagu ya fi na dama tsawo kaɗan kuma ba halin gyarawa. Na koma masa ya ce haka na nuna masa. Ƙarshe sai da na sauya ƙarfen gaba ɗaya. Har yau in na wuce ta wurinsa raina ɓaci yake.

Bakanike:
In an samu zoben da ya dace, ga yadda ake saitawa. Kada ka yi a kan jingina, babur a karkace yake. Wani ya riƙe maka shi a tsaye, ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi, da takalmin da kake hawa da shi, hannu riƙe da kan babur. Miƙa ƙafa, amma gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa, kada ta miƙe sambal, musamman mai tsohon rauni. A Shadow salansa da gidan iska duk a dama suke, ka tabbata ƙafarka da wandonka ba sa goga su. Juya kan babur har ƙarshe hagu da dama ka ga ba abin da ke taɓawa. Sai ka matse kaɗan, ka gwada, sannan ka ƙarasa matsewa. Bayan hawan farko ka sake duba notin. Amma duk wannan sai ka auna tukuna.

Mai Shadow:
To na auna da zare yanzu. Santimita 9 ya ba ni, bai kai 10 ba, ya wuce 8. A jikin kwalin matakin kuma an rubuta milimita 32.

Alhaji Mai Road King:
Ba ka auna daidai ba. Zare yana miƙewa in aka ja shi. Sake aunawa, za ka ga 10 ne.

Bakanike:
Alhaji, in da 10 ne, zoben milimita 32 da ya kama ko yaya. Santimita 9 inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ke nan, kusan milimita 28 da rabi, kuma akwai ƙarafa masu wannan kaurin. Ka ga zobensa ya fi ƙarfen faɗi da kusan milimita 3, shi ya sa bakin zoben ke haɗuwa kafin ya damƙi komai. Ko a nemi zobe na wannan awon, ko a sa ciko na ƙarfe da aka yi don haka, mai rabi biyu. Ba roba ba.

Dattijo:
Kafin a kai ga ciko, wa ya duba ƙarfen kansa? In siriri ne kuma marar kauri a ciki, matsewa da ƙarfi na iya lotsa shi. A duba notin da suka riƙe shi a jikin babur ma, don yanzu zai ɗauki nauyin ƙafa kullum.

Alhaji Mai Road King:
In ma haka ne, to ƙarfen ne ba na kirki ba. Ya cire shi ya sa na inci ɗaya da kwata, ya huta da ciko da zare. Ni ba zan ɗora ƙafata a kan abin da aka yi wa ciko ba.

Mai Shadow:
Alhaji ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau, mai babur ɗin ya ce ya taɓa faɗuwa da shi kuma shi ya ceci injin. Ba zan sauya shi ba, kuma kafin sabon zobe ya iso tafiyar ta wuce. Na ƙara ninka robar a hagu, na taka da ƙarfi a tsaye bai motsa ba. Ina ganin zai kai ni ya dawo da ni in ban danna sosai ba.

Gajere Mai Vulcan:
Ya taɓa faɗuwa da shi? Ai ba ka faɗa mana wannan ba. Ta wane ɓangare ya faɗi? In ta hagu ne, wataƙila ƙarfen ya lotsa a wurin, shi ya sa na hagun ya fi juyawa.

Mai Shadow:
Ban tambaye shi ɓangaren ba, kuma ni da ido ban ga lotsawa ba. Malam Bakanike, in na yanka siririn falle na alminiyam na naɗa maimakon robar, zai riƙe har ƙarshen wata? Kuma ninki nawa zan yi?