Harafin da ido ba ya gani, a share ko a bari?

Ɗan Zariya: Jama'a ni fa na gaji. Jiya na kwafo kod daga wani PDF na liƙa a Notepad++, manhajar rubuta kod, a ido komai lafiya lau amma Python ta ƙi, sai kuka take wai akwai U+00A0 a layi na 14, ashe sarari ne na bogi. Ni dai na yanke hukunci, duk abin da ba a gani a fayil shara ne. Na sa tsarin bincike na [^\x20-\x7E] a wajen Replace na kwashe su kaf.

Mai shago: Innalillahi. Ƙanina ai wannan ba shara ka yi ba, gobara ka sa. Abin nan duk harafin da ba na Turanci ba yake cinyewa, ƙ da ɗ da ɓ sun tafi, "ƙasa" ta koma "asa", har tab da ƙarshen layi bai bari ba. Duba fayil ɗinka.

Antin ofis: Kuma wa ya ce duka shara ne? Ni BOM ɗin nan, alamar da ke gaya wa manhaja yadda za ta karanta haruffa, bayit uku ne kacal EF BB BF a farkon fayil, shi ke rufa min asiri a ofis. In na ajiye jerin sunaye a CSV babu shi, na danna Excel ya buɗe, kowace ƙ sai ta koma Æ™ kamar rubutun aljanu, oga ya kira ni ya ce me na rubuta.

Malam Linux: Anti ki yi haƙuri amma BOM ɗin naki a wajenmu annoba ne, in ya zauna gaban #!, alamar da ke farkon sikirif, wato fayil ɗin kod, sai injin ya kasa gane wace manhaja za ta karanta shi. Shi da ^M ɗin da Windows ke bari a ƙarshen layi duk jirgi ɗaya ya kwaso su, manhajar dos2unix nake sa musu ta share su.

Antin ofis: To Malam sai ka zo ka yi wa oga bayani.

Mai shago: Ku bar faɗan nan. Masu haɗa Larabci ko ajami da boko ma da gangan suke saka U+200F, alamar rubutu daga dama zuwa hagu da ba a gani, don aya ta zauna inda ya kamata. Ɗan Zariya, ka fara danna Show All Characters a Notepad++ ka ga me ke ciki tukuna, manhajar VS Code ma tun 2021 yake zagaye irinsu da akwati.

Ɗan Zariya: Yaya na duba. Kod ɗin gaba ɗaya ya koma layi ɗaya, kuma na riga na yi sebin na rufe. Ctrl+Z zai yi aiki kuwa?