Kar ka faɗi ranar fitar gem sai ka tabbata

Na tattara abin da muka tattauna da 'yan uwa masu buga gem kan masu haɗa wasa da ke saɓa alƙawari. Kusan kowa ya yarda cewa jinkiri bai kai ƙarya ciwo ba, mutane za su iya jira, amma ka sa musu rana ka ɗaga, ka sake ɗagawa, to nan ne suke daina yarda da kai.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red na Folan. An ce zai fito Afrilu 2020, aka koma Satumba, sai Nuwamba, sai 10 ga Disamba, kuma duk da haka da ya fito a PS4, na'urar buga gem ta kamfanin Sony, ya cika da matsala har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. Wallahi abin da ciwo, wasu tun kafin ya fito suka biya.

Shawarar dai, kar ka tallata abin da ba ka gama ba, in za a makara ka faɗa da wuri tare da dalili. In kuma ka riga ka kwafsa, ka bi hanyar kamfanin Hello Games, da gem ɗinsu No Man's Sky ya fito a 2016 babu wasu abubuwan da suka yi alƙawari, sai suka rage surutu suka riƙa sakin gyara kyauta, buga wasa tare da abokai ma sai 2018 ya zo sosai.