Rufin tol mai gangara biyu: katako ko ƙarfe?

Baban Hadiza, Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina gina ɗaki biyu da salo nan Tawa, bango ya kai shenaj, wato ɗamarar siminti da ƙarfe da ake zubawa bisa kan bango, saura rufi. Mai gangara biyu nake so, amma tsoro nake ji, don bara gidan da muke haya iskar farkon damina ta kwashe tol ɗin duka cikin dare, yara na kuka ruwa na zuba bisa katifa, wallahi har yau in hadari ya taso daga gabas gabana faɗuwa yake. Mason ya ce a sa katako, ƙanena ya ce gara za ta cinye. Mi kuka gani?

Tsohon manuziye:
Wa alaikumus salam Alhaji. Katako ba shi da laifi in busasshe ne, ɗanye shi ke murɗewa bayan an buga. Ƙarfin sharpanti, wato katakon da ake haɗawa ya ɗauki rufi, a kusurwa uku yake, katako biyu sun jingina da juna a sama, na kwance ya riƙe ƙafafunsu kar su buɗe su tura bango waje, in aka tsallake na kwancen nan don rage kuɗi to ka jira tsagewar bango. Rufinku na bara kuwa rashin ɗauri ne, iska ɗaga tol take yi daga ƙasa. Tun ranar zuba shenaj a bar fer 6, siririn ƙarfen gini mai kaurin milimita 6, a ciki, a naɗe ƙafar kowane sharpanti da shi a lanƙwasa sosai. Kusa kuma a bisa tudun tol ake bugawa, in aka buga cikin kwarin sai yoyo.

Ɗan Yamai:
Ni a kasuwar Katako ta Yamai na sayi nawa katakon, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuɗinshi ba daɗi. Na shafe shi da baƙin mai kafin a ɗora, duk shekara ina leƙawa ko gara ta hau. In faɗin salon ya wuce mita 6 gaskiya ka tambayi mai walda farashin ƙarfe.

Maman Abdu:
Baban Hadiza don Allah kar ka manta plafon da ƴan ramukan iska a sama, zafin Afrilu ƙarƙashin tol mu mata mu ke shan shi a gida.

Baban Hadiza:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Salon mita 4 ne, katako zan sa. Gobe da safe zan je wurin mason kafin ya zuba shenaj. Malam manuziye, tazara nawa zan bari tsakanin sharpanti da sharpanti?