Ƙofar hancina ɗaya na toshewa, ɗaya na buɗewa, ko lafiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Kusan wata guda ke nan na lura ƙofar hancina ɗaya ce kawai ke shan iska sosai, ɗayar kamar an cusa mata auduga. Kuma ba gefe ɗaya ba ne. Da safe dama ce a toshe, kafin rana ta yi tsaka abin ya koma hagu. Da dare in na kwanta ta dama sai dama ta toshe, in na juya, can sai in ji ta saki. Ba mura nake ba, ba majina, ba ciwon kai. Na sayi maganin fesawa a hanci, yau kwana 12 ina fesawa safe da dare, yanzu in ban fesa ba duka biyun ke rufewa. In tafi asibiti ne?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, abin da kika fara lura da shi ba ciwo ba ne, haka hancin yawancin mutane yake aiki. A jikin bangon kowace ƙofa akwai wani nama mai lanƙwasa, cike da jijiyoyin jini. Jini kan taru a na gefe ɗaya ya kumbura, hanya ta ƙuntace, na ɗaya gefen kuma ya sace. Bayan kamar awa 2 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka, sai su yi musanya. Jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da zufa ba da saninki ba, su ke juya wannan ma. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya yi bayaninsa tun 1895. Da yake abin da ɗaya ta rage ɗaya ke cikewa, mutum sai ya shekara arba'in bai lura ba, ranar da ya lura kuwa ya hana kansa barci. Na kwanciya ma haka ne, gefen da ke ƙasa shi ke cika da jini.

Ni maganin nan ne ya dame ni. Duba jikin kwalbar, in kin ga oxymetazoline ko xylometazoline, to ba a wuce kwana 3 zuwa 5 ana fesa su. Matse jijiyoyin jinin suke yi, da sun sake ki naman ya kumbura fiye da da, ki sake fesawa, haka za a yi ta yi. Ki daina. Kwanakin farko za ki ji jiki, ki riƙa wanke hancin da ruwan gishirin nan da ake sayarwa don hanci.

Wani ɗan uwa:
Yaya, gwada wannan. Kara madubi a ƙarƙashin hanci ki fitar da numfashi, za ki ga tururin gefe ɗaya ya fi faɗi. Bayan awa uku ki sake. Ni har matata na sa ta gwada, tana ta yi min dariya, sai ga nata ma haka.

Wani dattijo:
'Yata, gaskiya suka faɗa miki, amma kada wani ya karanta ya ɗauka kowace toshewa ke nan. In gefe ɗaya ne kullum ba ya canzawa, ko ana haɓo ta nan, ko ƙamshi ya ɗauke, a ga likitan hanci. Ni nawa guringuntsin tsakiya ne ya karkace. Yaro kuwa in majina mai wari na fita ta ƙofa ɗaya, a duba, sau da yawa wani abu ya tura.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na duba, xylometazoline ne. Madubin ma na gwada, ɗazu hagu, yanzu dama. To in daina lokaci guda ne?

Ma'aikaciyar jinya:
In za ki iya, eh. In abin ya gagara, ki fara barin ƙofa ɗaya, in ta warware ki bar ɗayar. In sati biyu suka wuce ba sauƙi, ki je a leƙa ciki.