Taƙaitawar hirar manhajojin zana fuskar app

Jama'a hirar nan da aka yi a kan manhajojin da suka dace a zana fuskar app da su ta yi tsawo, ga dai abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda mai koyo ya fara da na jawo-ka-ajiye, wato waɗanda ake jawo maɓalli da sauransu a ajiye a kan fuskar ba sai an rubuta kod ɗinsu da hannu ba. Masu rubuta kod da yaren Python sun ce Qt Designer, masu yaren C# Windows Forms na cikin Visual Studio, masu yaren Java kuma Scene Builder. Wanda bai taɓa rubuta kod ba ya fara da MIT App Inventor.

2. An fi daɗewa a kan wannan: kar ka kafa maɓalli da hannu a wuri ɗaya, ka sa shi cikin tsarin jeri (layout) mai daidaita wurin komai da kansa, in ba haka ba da an faɗaɗa taga ko an buɗe a ƙaramin sikirin komai sai ya hargitse, rubutu ya hau kan rubutu. Ni ma nan na fi ba ƙarfi gaskiya.

3. Kar a taɓa kod ɗin da pyuic (mai mayar da zanen Qt Designer zuwa kod ɗin Python) ya fitar daga fayil ɗin zanen, wato .ui, da ka sake fitarwa gyaranka ya tafi. Rubuta naka a wani fayil daban.

4. Glade, manhajar zana fuskar app a tsarin GTK (kayan haɗa fuskar app da aka fi sani a Linux), ba ya aiki da GTK 4, an ce a koma Cambalache mai yin irin aikinsa.

Inda aka rabu: wasu sun ce zanen ragwanci yake koyarwa, gara a rubuta da hannu kamar yadda ake yi a Jetpack Compose, tsarin haɗa fuskar app na Android da kod. Wasu suka ce in kwastoma na jira, sauri shi ne magana. Masu tsohuwar kwamfuta kuma kukansu ɗaya, Android Studio na cin RAM.